Shekarar da Na Karɓi Wuƙa

Yusufu, ranar da ka tsaya a gaban coci kana ba da labarina, ina zaune a benci na uku, kuma duk da kunnen nan nawa ya yi nauyi, na ji komai. Ka ce ubanka mutum ne da aka damƙa wa wuƙa aka ce ya zaɓa tsakanin abincinsa da Ubangijinsa, shi kuwa ya yar da wuƙar. Mata suka rangaɗa guɗa, kowa ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai, kuka ɗauka tawali'u ne, alhali kunya ce. Ban ga laifinka ba, haka ka ji labarin, ni kuma shekara da shekaru ina jin ana ƙara masa gishiri ban ce uffan ba. Yanzu ƙafa ta ƙi, numfashi ma sai na lallaɓa shi, don haka bari in gyara zancen tun ina iya riƙe biro. Kai da Maryamu da Ishaku ku karanta, in kun ga dama ku karanta wa 'ya'yanku.

Na zo Garuwa, nan ƙasar Kamaru, ina saurayi, a jirgin ruwan dakon kaya da ke haurowa Binuwai da damina. Ubana Bahaushe ne daga Maguzawan ƙasar Kano, ya yi kuku a gidan mishan can wajen Numan. A nan aka yi masa baftisma, a nan aka haife ni aka yi mini tawa. Mutum ne mai tsoron ranar shari'a ƙwarai da gaske. In ka ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya a tiren mai talla ba ya duka, sai ya zaunar da kai ya ce akwai ranar da za a tara mu duka a buɗe abin da kowa ya yi a ɓoye, kuma har gyaɗar nan za a kawo ta. Da wannan na tashi. Da ruwa ya janye jirage suka daina zuwa, aikin dako ya ƙare, na yi kwana biyu ban sa komai a cikina ba. Sai na bi ungulu har mahauta, wadda a nan ake ce wa abatuwar, don na san inda suke taruwa ba a rasa abin tsinta.

A nan Baba Garba ya gan ni. Babban mahauci ne, jikan fataken Kano da suka zauna a garin nan tun zamanin Jamus, kuma mahautan ƙaramar kasuwarmu Sarki suke ce masa. Gajere ne, mai kauri, yatsunsa biyu sun tafi a bakin gatari, Hausarsa rabi Fulatanci ce. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaya sunanka?"

"Dauda."

"Bahaushe?"

"Bahaushe."

Tambayar ke nan, babu ta uku. A Garuwa ta wancan lokaci, wanda ya ce shi Bahaushe ne ya gama faɗin addininsa. Zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, Musulmi ɗan garin nan, kuma kowa ya san ta inda iska ke kaɗawa. Mutanen duwatsu waɗanda ba Musulmi ba suna saukowa su sa babbar riga, su canza suna, don su sami aiki a ofis ko wuri a kasuwa. Ni ban ma wahala da canza komai ba, bakina da sunana sun yi mini aikin. Baba Garba ya ba ni tumbin saniya in wanke, ya sa aka ba ni tuwo, na ci har ina gumi. Da aka kira azahar ya gama alwala, sai ya miƙo mini butar ba tare da ya ko kalle ni ba. Da a ce na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare a kan tuwo kwano ɗaya. Amma tuwon yana cikina da ɗuminsa, kuma na san gobe ma zan ji yunwa. Na karɓi buta.

Shekara goma sha ɗaya na yi a haka. Ban taɓa cewa ni Musulmi ba ne, kuma wannan ita ce dabarar da nake rarrashin kaina da ita. Nakan tsaya a sahun ƙarshe, in suka sunkuya in sunkuya, a zuciyata ina addu'ar da ubana ya koya mini. Nakan ce wa kaina ai Allah ɗaya ne, kuma shi zuciya yake dubawa. Da na tashi aure na ƙetare iyaka na ɗauko uwarku Rahila daga ƙauyensu, aka ɗaura mana a coci can, ba wanda ya sani a nan. Mahauta suka yi ta yi mini tsiya, wai duk 'yan matan Garuwa sai 'yar mishan na gani, Baba Garba kuwa ya ce a ƙyale ni, addini ya halatta, sannu a hankali za ta biyo ni. Ita tana zuwa coci ran Lahadi a fili, ni kuma in tafi kasuwar Pitowa sayen awaki. Sunayenku ma zama muka yi muka zaɓa, irin waɗanda za su shiga ko'ina ba a tare su ba. Baba Garba ne ya yanka ragon sunan kowannenku, baftisma kuwa sai uwarku ta je ganin gida.

Ga abin da ke ba ni dariya yanzu, in ƙirjina ya bar ni na yi. Tsoron nan da ubana ya dasa mini bai tafi ko'ina ba. Ban taɓa danna sikeli da yatsa ba. Ban taɓa cusa ƙashi a ƙarƙashin tsoka ba, ban taɓa shafa wa naman jiya jini don ya yi kyau ba, ba na rantsuwa, ba na leƙa gidan burkutu. In mace ta manta kayanta a rumfa sai na bi ta har gida. Duk lokacin da hannuna ya yi kamar zai karkace, sai in tuna ranar nan da za a buɗe komai, in janye shi. Na ji tsoron Allah a kan giram ɗari, amma ban ji tsoronsa a kan shekara goma sha ɗaya ba. Mutane kuwa suka riƙa cewa duk kasuwar nan babu Musulmin kirki kamar Dauda. Matan Fulani daga unguwar Fulɓere sukan tsallake rumfa biyar su zo wurina. Baba Garba ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa shida duk mata ne, sai ya koma kirana ɗansa, matarsa Inna Dudu ta riƙa aiko mana da kwanon abinci kowace Juma'a.

Ku da kuka tashi kuna sayen nama a leda ba ku san yadda abin yake ba, bari in gaya muku. Mahauci ba ya yanka. Shi fiɗa ce aikinsa, da sassara da sayarwa. Yanka kuwa mutum ɗaya ake ware wa, wanda jama'a suka yarda da sallarsa da halinsa, shi zai juya dabba ta fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya ja wuƙa. Bayan nan likitan dabbobi ya zo ya duba huhu da hanta ya buga tambarinsa mai shuɗin tawada. Amma ba tambarin nan mutane ke ci ba. Matar da ta sayi rabin kilo a kasuwa ba ta ga komai ba, ta dai san hannun wane ne, shi ke nan ta zuba a tukunya ta ba 'ya'yanta. Namu mai yankan Malam Sali ne, ya fi shekara talatin yana yi. A shekarar da nake ba ku labari hannunsa ya fara rawa, har wata safiya ya ja wuƙa ya ɗaga kafin ya gama, aka yi asarar bijimi guda ɗan Banyo, aka ja shi aka kai wa masu karnuka.

Bayan kwana uku Baba Garba ya kira ni gindin ɗorawar da ke bayan abatuwar, ya ce sun zauna da manya, Malam Sali da kansa ya ambaci sunana. Ya ce karatuna ba shi da yawa, amma yanka ba ya son dogon karatu, tsoron Allah yake so, kuma wannan ya gani da idonsa. Ya ciro wuƙar daga kube ya miƙo mini ta wajen ƙota. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara, ya yi dariya ya ce wannan kunyar tawa ita ce ta sa aka zaɓe ni.

Da na gaya wa uwarku tana tankaɗen garin dawa a tsakar gida. Ba ta tsaya ba har sai da ta gama abin da ke cikin rariya. Kun san ta, ba ta ɗaga murya, shi ya sa maganarta ke daɗewa a jiki.

"Baban Maryamu, tsayuwa a sahu tsakaninka da Allah ne, na yi shiru. Wannan kuwa cikin tukunyar mutane za ka shiga."

Na ce mata ai sunan Allah zan kira, kuma da gaske zan kira shi. Na ce in na ƙi sai an tambayi dalili, in aka san dalili ba rumfa, ba gida, domin gidan da muke ciki ma na Baba Garba ne. Na ce ta dubi ku uku, Ishaku ko yaye shi ba a yi ba. Na kawo mata hujja iri-iri, har na fara jin daɗin kaifin bakina. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita ba malama ba ce, amma ta san ranar da za a tsaya, ba za a tambaye ta yawan 'ya'yanta ba. Na fita na bar ta da rariyarta. Washegari na karɓi wuƙa.

Wata bakwai na yi ina yanka. Hannuna ya faɗa da aikin, ban taɓa ɓata dabba ba, har mahautan babbar kasuwa suka riƙa zuwa kallo. Mai yanka yana da rabonsa a kowace dabba, wuya da ɗan kayan ciki, don haka ban taɓa shiga gida da nama kamar na wannan lokaci ba. Uwarku kuwa ba ta dafa ko tsoka ɗaya ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zubar ba. Takan karɓa da hannu biyu ta ce sannu da aiki, ta rufe da faifai, in na fita ta kai wa wasu 'yan coci masu fama da rashi a unguwar Yelwa. Mu kuma a ci miyar kuka da daddawa, gidan mahauci guda. Maryamu, ke kin isa tunawa, kin taɓa tambayarta ko mun yi wa nama laifi ne. Da na tsare ta da magana ta ce mu Kirista babu abincin da ke ƙazantar da mu, naman lafiyarsa lau, shi ya sa take ba mabukata. Ita dai ba za ta iya haɗiye ladan abin ba. Na ce ta cika taurin kai. Amma ni ma a watannin nan na rame, kullum da safe in na ɗora gwiwa a kan dabba sai in ji kamar ana tsaye a bayana ana rubutawa. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, amma da gari ya waye in ɗauki wuƙata in tafi.

Saura wata biyu Babbar Sallah, Baba Garba ya faɗi a rumfa yana cikin sara. Muka ɗauke shi a babbar motar wani mai auduga zuwa lopital, wato asibiti. Ya tashi, amma ɓarin damansa ya shanye, hannu ya mutu, baki ya karkace, magana sai a hankali. Ni na riƙe masa rumfa, ni nake juya shi a shimfiɗa in na taso, domin Inna Dudu ba ta iya ɗaga shi. Yana kwance ya sa aka sayo masa rago daga kasuwar Adumri, fari tas mai baƙin ido, aka ɗaure a tsakar gida inda zai riƙa hango shi daga ɗaki. Tun da ya mallaki hankalinsa shi yake yanka layyarsa da hannunsa, bai taɓa wakilta kowa ba. Ana saura kwana huɗu ya ce bana ni zan yanka masa.

Na san hukuncin. Shekara goma sha ɗaya ina zama a gefen karatun malamai bayan la'asar, na ji shi ba sau ɗaya ba: layya ba kamar naman kasuwa ba ce, ibada ce, in wanda ba Musulmi ba ya yanka wa mutum, to ya ci nama kawai, bai yi layya ba. Na sani sarai, na kuma ce masa to. Kwana huɗun nan na yi su ina neman hanyar zillewa. Na yi tunanin in ce zazzaɓi ya kama ni, na yi tunanin in yanke yatsana da gangan, har na ɗora shi a kan kututture na kasa. Ran jajibere da uwarku ta miƙo mini ruwan wanka na ga idonta ya kumbura.

Ran Sallah da hantsi, bayan an sauko daga idi liman ya yanka nasa, muka taru a gidan Baba Garba. 'Ya'yansa mata sun zo da mazajensu da jikoki, tsakar gida ta cika da sababbin atamfofi. An haƙa ɗan ramin jini a gindin bango. Surukansa biyu suka kayar da ragon suka danne, ni na juya shi ya fuskanci alƙibla. Aka ɗauko Baba Garba a kan kujera aka ajiye shi dab da ni, ya ce a kama mataccen hannunsa a ɗora a kan nawa, don ya zama da shi aka yi. Hannun yana da sanyi da nauyi. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, maganar tana fita da ƙyar.

"Ɗana, wannan ce ta ƙarshe, na sani a jikina. Shi zan hau ranar tsayuwa. Ka gyara mini shi da kyau."

Ba jarumta ce ta zo mini ba, Yusufu, tsoro ne. Ni da shi mun saɓa a abubuwa da yawa da bai sani ba, amma a kan wannan rana ba mu saɓa ba, dukanmu mun gaskata za a tsaya. Sai na gan mu a can, shi yana waige-waige yana neman ragonsa, an ce masa babu, ya juyo ya dube ni a gaban Ubangijin da nake cewa ina bi. Mutanen kasuwa ban san fuskokinsu duka ba, shi ya sa na iya cin amanarsu wata bakwai ina barci. Wannan kuwa ni nake goge masa yawu.  Ban yar da wuƙa ba kamar yadda ka faɗa, a hankali na ajiye ta a ƙasa don na ji za ta suɓuce.

"Baba, ba zan iya ba. Ni Kirista ne."

Ya ɗauka ruɗewa na yi, ko matata ce ta ja ni kwanan nan. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun haihuwa.  Inna Dudu ta ce "ɓingel am," wato ɗana, ta toshe bakinta da gyale. Ɗaya daga cikin surukan ya miƙe zai yo kaina, Baba Garba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, mutumin ya koma. Ya daɗe yana kallona da ido ɗaya, ɗayan yana zubar da ruwa kamar yadda yake yi tun da ya faɗi.

"Shanun nan fa? Duk wata bakwai?"

"Duka, Baba."

Ya ce a cire hannunsa daga kan nawa, domin shi ba ya iya janyewa. Aka cire. Babban surukinsa ya ɗauki wuƙar ya wanke ya yanka ragon, ni kuma na bi ta zaure na fita, ba wanda ya tare ni, ba wanda ya zage ni. Kowace shekara kafin la'asar ake aiko mana da cinya guda daga gidan. Ran nan ku uku kuka zauna a bakin ƙofa da kayan Sallarku har rana ta faɗi, kwano bai zo ba. Maryamu, na san har yau kina riƙe da wannan, na ji kina gaya wa 'ya'yanki irin rashin imanin da aka nuna mana. Ki sauke shi, 'yata. Ba su ne suka yi rashin imani ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Maganar tana iya mutuwa a tsakar gidan nan. Surukan sun so haka, suka ce a sallame ni a ce na koma Najeriya, a rufa wa gida asiri. Baba Garba ya sa aka kira malamai uku ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce yankan ma'abota littafi halal ne, babu komai a kan wanda ya ci. Na biyu ya ce wanda ya ɓoye addininsa ya tsaya a sahu hukuncinsa daban ne, abin da ya yanka mushe ne. Na uku ya ce wanda bai sani ba ba shi da laifi, a yi shiru ya fi. Inna Dudu ce ta gaya wa uwarku daga baya abin da ya ce da suka watse.

"Ni na ba shi wuƙar, da sunana aka ci. In na yi shiru na zama irinsa."

Ran Juma'a ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa masallacin kasuwa. Da karkataccen bakinsa ya gaya wa jama'a abin da ya faru, wani yana maimaitawa da ƙarfi, ya ce duk wanda ya ci nama daga hannunsa a watannin nan ya yafe masa. Bai ce a taɓa ni ba, ya ma ce wanda ya taɓa ni bai yafe ba. Wasu suka yafe. Da yawa ba su yafe ba. Mata suka fasa tukwanensu, wasu suka yi ta ƙoƙarin amai kamar abin yana nan a ciki. Mahauta suka taru suka ce wanda bai iya gane kafiri a ƙarƙashin hancinsa shekara goma sha ɗaya ba bai isa ya shugabance su ba, suka naɗa wani. Rumfarsa, wadda kakansa ya kafa, ta yi wata biyu ƙuda kaɗai ke zuwa, daga nan aka ba wani. An daina ce masa Sarki. Har ƙaramar 'yarsa mijinta ya kore ta na ɗan lokaci, wai ta ciyar da shi mushe.

Ni fa? Na tashi daga gidansa da kaina, bai kore ni ba. Muka kama ɗaki ɗaya a Yelwa. Na shiga kamfanin auduga ina dakon buhuna, shekara ashirin da biyu, a can na samo wannan tarin da ke hana ku barci in kun kwana gidana. Na wahala, ban musa ba. Amma ni ƙarfina yana nan, ina da shekara talatin da 'yan kai, kuma uwarku ta koma yi mini dariya. A coci ma ba da guɗa aka karɓe ni ba. Faston wancan lokaci ya san abin da na yi, ya sa ni horo, wata shida ina zama a bencin baya ba na cin jibin Ubangiji, kuma ya yi daidai. Sai da ya rasu, tsofaffin da suka sani suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sannan labarin ya fara canza kaya. Na bar shi ya canza don yana yi mini daɗi, wannan ma wani alhakin ne.

Sau ɗaya na koma wurinsa. Da damina ne, jirage sun fara zuwa. Na yi ta kai-komo a bakin layinsu kwana uku kafin na iya yin sallama. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan tabarma, zauren da dā ba ka samun wurin ajiye takalmi. Ya rame har na ga ƙasusuwan kafaɗarsa ta cikin riga. Na tsuguna nesa da shi na gaishe shi, ya amsa. Ya tambayi Rahila, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ya tambaya ko Ishaku ya fara tafiya. Na ce Baba na zo neman gafara.  Sai ya ce da na yanka ragon nan da bai taɓa sani ba sai a can, don haka wannan ya gode mini. Ya ce na rumfa da sarauta ba komai ba ne, dama zai bar su. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne, ya kira ni ɗansa shekara goma sha ɗaya, ashe bai taɓa sanina ba, amma wannan ma ya yafe. Na fara kuka ina godiya, sai ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi saurin godiya, Dauda. Nawa kaɗai na yafe. Na mutanen da suka ci ba nawa ba ne, ban san sunayensu ba, kai ma ba ka sani ba. Wannan sai mun haɗu can, ni da kai, mu ji abin da za a ce mana."

Bai kai wata Sallar ba. Na san abin da za ka ce, Yusufu, kai dattijon coci ne yanzu, za ka ce Almasihu ya ɗauke mini, kuma na gaskata, da wannan nake iya rufe ido. Amma gafara ba ta sa a fasa buɗe littafi. Za a karanta, zan tsaya in ji, matan nan na Fulɓere da suka tsallake rumfa biyar suka zo wurina su ma suna tsaye. Uwarku ta riga ni, ita ba ta da abin ɓoyewa. Ni shekarata tamanin da wani abu, na gaji, kuma tafiyar ba ta da nisa yanzu. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. In za ku sake ba da labarin mutumin da ya ji tsoron Allah ya rasa komai a Garuwa, ku ba da shi, labari ne na gaskiya. Sai dai ku faɗi sunan daidai, Garba ne sunansa.